Ranar da Baba Ya Ba Burodi Iska

Umma, tun da kika tafi ba a sake jin ƙamshin burodi a gidan nan ba. Da safe ƙofar kicin takan yi ƙarar nan tata, kowa ya ɗaga kai, ashe iska ce ta tura ta. To saurara ki ji abin da mijinki ya aikata a makon jiya, don duk layinmu an sha labari, ke kaɗai kika rage.

Kin dai san Baba. Faci ne sana'arsa, amma in ka biye wa bakinsa, babu abin da ke birgima a duniyar nan sai da izinin famfonsa. Shagonsa na nan a ƙofar gida yadda kika bar shi, da tulin tsofaffin tayoyi da bahon ruwan da yake tsoma roba don gano huda. Shi ne dai ba yadda kika bar shi ba. Shayi da biskit ya koma ci safe da yamma, har wandonsa ya fara neman ƙasa, yana ɗaure shi da yankin roba. Autanki kuwa ya samu aiki a kamfanin kwali, can wani gari mai nisa, ƙarshen wata zai tafi. Wannan ya sa Yaya, babbar 'yarki, ta zo ranar Lahadi, ta bi tukwanenki tana buɗewa, ta tarar gizo-gizo ya yi saƙa a cikin babbar. Ta fito shago da murfin a hannu.

"Baba, ba zai yiwu ba. Auta zai tafi, kai kuma ko ruwan zafi ka ɗora sai ya ƙone. Na gyara maka ɗaki a gidana."

"Ɗaki? Ni da gidana?"

"Gidan da ba a ɗora tukunya."

Da su biyu ne kawai, wataƙila da ya yi shiru. Amma Tela, mai shagon da ke jikin nasa, ya riga ya leƙo da tef ɗin awo a wuya, kuma Baba ya gwammace ya haɗiye bawul ɗin taya da a ƙure shi a gaban Tela. Sai ya gyara tsayuwa, ya ja wando sama.

"Ke yarinya, burodin nan na uwarku, mai saurin nan da ba a sa masa yis, wa kike zaton ya koya mata?"

"Kai ne, Baba?"

"To wa? Mene ne burodi in ba iska a cikin fulawa ba? Ni kuwa tun ba a haife ki ba nake sa iska a cikin abu in ce ta zauna, ta zauna."

Tela ya ce, "Injiniya, taya dai ba a cin ta da shayi."

"Kai Mai Allura, koma ka huda tsummanka. Mu masu toshe huda muna magana."

Yaya ta ajiye murfin a kan wata taya. "Shi ke nan. Ranar Asabar zan dawo. In ka yi burodin da wuƙa za ta yanka, haƙori ya tauna, na bar ka a gidanka. In ba haka ba, ka haɗa kaya."

"Ki zo da mijinki," in ji Baba. "Ki ce kar ya karya a gida."

Washegari ya shiga kicin ɗinki kamar wanda ya zo karɓar mulki. Ya tuna kayan tsaf, don ya sha zama a bakin ƙofa yana kallon hannunki: fulawa, gishiri, ɗan cokalin farin garin soda, da madarar da ta yi tsami. Ya zuba, ya juya, abin ya haɗu. Har ya fara murmushi, sai kunnensa ya ɗauko wani sauti siriri, irin wanda ko ana ruwan sama da tsawa yakan ji shi. Tsss. Ya kara kunne a kwaɓin. Ƙananan ƙofofi ne ke buɗewa suna numfashi.

"Huda!" in ji Baba. "Tun ba a hau titi ba!"

Ya danna babban yatsa a kan ɗaya, biyu suka buɗe a gefe. Ya danne su, wasu suka fito ta baya. Ya tuɓe riga ya hau kwaɓin da gwiwar hannu, yana murzawa yana naushi, har sai da ya kara kunne ya ji tsit. Sannan ya ajiye shi a taga wuni guda, don ya ga ko zai sace, yadda yake yi wa tayar da bai yarda da ita ba. Da la'asar ya jefa shi a tanderu.

Abin da ya fito ya zame daga faranti ya faɗi ƙasa, tayil ɗaya ya tsage. Baba ya kai shi shago duk da haka. Tela ya ƙwanƙwasa shi da almakashi, ya saurara, ya duba bakin almakashin ko ya lalace. Ana cikin haka wani direban tasi ya tsaya canjin taya, aka nemi katakon da ake tare mota aka rasa, direban ya ɗauki burodin ya cusa a ƙarƙashin tayar baya. Motar ko motsi. Da aka gama ya ɗaga shi yana jinjinawa.

"Baba, ina ake samun irin wannan? Nawa kullum tsagewa yake."

"Ɗauka, kyauta," in ji Baba. Ya juya wajen Tela. "Ka ji shaidar mutanen waje."

Gwaggo, tsohuwar da ke bene a samanmu, wadda ba abin da ke wuce tagarta, ta leƙo da kai.

"Mai faci, Allah ya jiƙan matarka, ita fa ba ta dambe da kwaɓi. Juyi kaɗan take yi, ta dunƙula, ta tsaga samansa da wuƙa, ta jefa a wuta tun yana numfashin nan. Kafin ruwan shayi ya tafasa sau biyu an gama."

"Tsagawa?" Baba ya ɗaga kai. "A ɗauki wuƙa a yanka abin da ake so ya riƙe iska? Gwaggo, shekara da shekaru ina ganin tana wannan ɓarna, na yi shiru ne kawai don zaman lafiyar aure."

"Ka yi shiru ne don bakinka na cike da shi," in ji Gwaggo, ta ja tagarta.

Kwaɓi na biyu, Baba ya ce ba zai yi aikin makafi ba, sai ya san inda hudar take. Ya tallabo shi da hannu biyu har shago, ya tsoma a bahon gwaji, ya sunkuya yana jiran kumfa. Kumfa ta taso ta ko'ina. Ya juya shi don ya duba ɗaya gefen, sai ya ji hannunsa ya yi sauƙi. Ya laluba dama, ya laluba hagu. Ruwan ya zama fari fat, kwaɓi ya ce ga garinku nan.

"Injiniya," in ji Tela, "an je neman huda an dawo ba taya."

Duk robar da aka gwada a bahon ranar, fara ta fito, har wani mai babur ya ƙi karɓar tasa, wai an musanya masa.

Na uku, Baba ya yanke hukunci cewa injin ne ya yi ƙarami. Cokali ɗaya na soda a wannan tulin fulawa, ai kamar a ba tirela iska da baki ne. Ya ɗebi cikin hannu ya zuba, ya ƙara rabi don tsaro. Wannan karon burodin ya kumbura, amma launinsa tsakanin rawaya da kore, kamar wanda ya tashi daga jinya. Wuƙa ta shiga. Baba ya yi kabbara, ya miƙa wa Tela yanki.

Tela ya tauna sau ɗaya, idonsa ya kawo ruwa. Ya ruga famfon ruwa yana kurkure baki, yana tofarwa, yana sake kurkurewa.

"Ya ka ji shi?" in ji Baba.

"Wallahi harshena bai taɓa tsabta irin ta yau ba. Saura a shanya shi a goge."

Gwaggo ta sauko da kwando a igiya, ta ce a sa mata ragowar, tana da tukwane masu baƙin gindi.

Ranar Juma'a Baba bai taɓa fulawa ba. Ya zauna a kan taya yana kallon titi, yana taɓa haɓa. Can sai ya miƙe zumbur, har ya ture kofin shayinsa. Ya gano matsalar. Fulawa ba ta da fatar da za ta riƙe iska, kuma ba laifinta ba ne, haka aka halicce ta. Tayar zamani ma ai ba ta da roba a ciki, ƙarfe ne ke riƙe mata iska ta gefe. Abin da kwaɓi ke bukata shi ne gida na ƙarfe, a rufe ruf, a ba shi iska daga waje, ya gasu a cikin matsi ko ya so ko ya ƙi.

Ya shiga kicin ya ɗauko babbar tukunyarki. Ya huda murfin a tsakiya, ya dasa bawul, ya yanko roba ya zagaye bakin, ya shafe da sholisho. Autanki ya tarar da shi yana lanƙwasa wayar ƙarfe da filaya.

"Baba, tukunyar Umma ce fa."

Filayar ta tsaya a hannunsa. Ya daɗe yana kallon gefen da hannunki ya goge har ya yi haske. Sannan ya ce, "Shi ya sa na ɗauke ta. Ta san hanya."

Asabar da hantsi ya fito da murhun gas ƙofar shago, don a cewarsa aikin gaskiya ba ya ɓuya a kicin. Kafin ya gama jera kaya layi ya cika: masu shaguna, masu wucewa, direban tasin nan ma ya dawo ko za a samu na tayar gaba. Tela ya rataye kwat uku da ya gama ɗinkawa a ƙofarsa, ya jawo kujera ya zauna a gabansu. Sai ga Yaya da mijinta a motarsu, wadda ya wanke da safen nan tana ƙyalli. Ta sauko da manyan akwatuna biyu, ta ajiye a inda Baba zai gan su.

"Babu komai a ciki, Baba. Na kawo ne kawai su sha iska."

"Za su sha," in ji Baba.

Ya juye fulawa, ya juye sodar da ta rage gaba ɗaya, ya kwarara madara. Kwaɓin ya fara tsss, ya yi maza ya kife murfi, ya ɗaure da waya ta ko'ina kamar kayan da za su ƙetare teku. Ya maƙala bakin famfo a bawul, ya sa ƙafa, ya tsaya.

"Yanzu tambaya ita ce, wace iska ta dace da shi."

Mijin Yaya, mutum mai ladabi, ya ce, "Baba, ina ganin ta keke ma ta isa."

"Haba," in ji Tela. "Iskar keke ai ta burodin gwauro ce. Wannan na iyali ne, ga suruki, ga baƙi."

"Karo na farko da ka faɗi magana mai kai," in ji Baba. Ya hau famfo. Ya wuce ta keke, ya wuce ta babur, ya duba gejin awon iska, ya kai ta ƙaramar mota. Wandonsa ya fara zamewa, ya riƙe da hannu ɗaya yana bugawa da ɗaya.

Gwaggo ta ce daga sama, "Mai faci, ka bari in kwashe shanyata."

"Bar ta ta sha ƙamshi!"

Ya ɗora tukunyar a wuta, ya naɗe hannu a ƙirji, ya shiga yi wa jama'a bayani. Ya ce masu gidajen burodi sun daɗe suna wahalar da kansu da jiran yis, don ba su taɓa tambayar mai faci ba. Ya ce nan gaba kowane kicin sai an sa masa geji. Yana cikin faɗin yadda zai horar da matasa, tukunyar ta yi gyaran murya.

Ta fara da ƙugi, can ƙasa, kamar cikin da ya kwana da yunwa. Sai ta ɗan yi rawa a kan murhu. Mutanen gaba suka koma baya, na baya suka matso don su gani.

"Yana nuna ne," in ji Baba. "Haka yake yi."

Bawul ya yi fito mai tsawo. Wani ɗan ƙarfe ya fita daga cikinsa ya bugi allon shagon Tela. Sai ga kwaɓi ya biyo baya, siriri kamar igiya, fari, yana tururi, ya miƙe sama sak ya wuce tsayin mutum, ya wuce rumfa, ya yi lilo a wayar lantarki, ya shiga tagar Gwaggo ya fito da salatinta. Tukunyar ta karkata, igiyar ta sauko ta bi kwat ɗin Tela ɗaya bayan ɗaya tana yi musu ado a ƙirji.

"Kayan mutane!" Tela ya yi tsalle. "Yau za a karɓa! Injiniya, kashe injinka!"

"Ƙaramar huda ce! A miƙo sholisho!"

Baba ya danna yatsa a bakin bawul, ya janye da ihu ya cusa a baki. Ya cire hularsa ya toshe da ita. Fiton ya tsaya. Aka yi tsit. Baba ya juyo yana murmushi da yatsa a baki, ya buɗe ɗaya hannun kamar mai cewa kun gani.

Wayar ƙarfe ta ce ƙas.

Umma, ƙarar da ta biyo baya, mai gyaran agogo na ƙarshen layi ya ce duk agogunansa sun tsaya. Murfin ya tashi da hular Baba a kansa, ya yi sama har ya zama ɗan ɗigo. Kowa ya ɗaga kai, baki buɗe, kuma wannan ne kuskuren, don kwaɓin ya riga murfin saukowa. Ya sauko a goshi, a kafaɗa, a cikin aljihu, a bakin direban tasi. Wata tantabara ta bar rufin bene da farar hula. Aka ci gaba da jira. Har wani ya fara cewa wataƙila ba zai dawo ba, sai ya dawo, a tsakiyar rufin motar mijin Yaya, ya zauna daram a ramin da ya haƙa wa kansa. Motar ta kama kuka wiu wiu.

Mijin Yaya ya dubi motarsa, ya dubi surukinsa, ya share ido da yatsa. "Ba komai, Baba. Dama rufin ya cika tsawo."

Baba bai ko waiwaya ba. Ya kashe gas, ya leƙa tukunyar. A can gindi akwai abin da ya ƙi tafiya, baƙi, faifai guda, kaurin tafin hannu. Ya ɓamɓaro shi da ƙarfen cire taya, ya ɗora a faranti, ya sa wuƙa ya hau kanta da nauyinsa duka. Ya tsage biyu.

"Wuƙa ta yanka," in ji shi. "Kowa shaida ne. A kawo shayi."

Aka kawo. Ya tsoma yankin, shayin ya yi kumfa ya haura kofi ya zubo masa a ƙafa. Ya kai baki. Duk layi na jin ƙarar haƙoransa. Ya tauna ta dama, ya mayar hagu, jijiyar wuyansa ta miƙe. Ya yi ƙoƙarin haɗiyewa, abin ya ƙi, ya dawo da shi kumatu ya ajiye.

"Gishiri ne ya ɗan yi kaɗan," in ji Baba.

Layi ya fashe. Tela, da kwat a hannu yana kuka, ya koma dariya har ya zauna a bahon gwaji. Yaya ta durƙusa tana riƙe da akwati, tana dariya, tana dariya, har sautin ya canza ya zama wani abu daban, ta rufe fuska. Da ta tashi sai ta je gabansa, ta sa bakin mayafinta ta goge masa kwaɓin da ke cikin kunne, a hankali, yadda kike yi masa in ya dawo da baƙin mai.

"Tofar, Baba, kar ka karya haƙori." Ta tara masa hannu, ya tofar. "Ranar da Auta zai tafi zan zo da mota."

Aka jira ya ce wani abu. Tela ma ya jira, har ya shirya amsa. Baba ya sunkuya ya ɗauki tukunyarki da hannu biyu, ya shige gida.

Da yamma ya buɗe akwatunan a tsakar ɗaki. Ya sa famfo, ya sa geji, ya fitar da famfon, ya mayar. Yana yi yana ɗaga murya don Tela ya ji ta bango, wai unguwar su Yaya ta yi sa'a, duk tayoyinsu a sace suke, za su ga aiki. Autanki na ninke masa riguna. Can muryar ta sauka. Ya zauna a bakin gado, ta gefenki, ya shafa zanin gadon da yatsan da ya ƙone.

"Auta, ɗakin nan da ta gyara, ka taɓa shiga?"

"Na shiga, Baba. Yana da kyau. Har da fanka."

"Daga can ana jin ƙarar ƙofar kicin?"

"Kicin ɗinsu ba shi da ƙofa, Baba. Labule ne."

Ya gyaɗa kai. Ya ɗauki riga ɗaya da aka ninke, ya warware ta, ya sake ninkewa a karkace.

Litinin da safe autanki ya tafi bakin titi inda ba mai jin sa, ya kira mutanen kamfanin kwali ya ce su ba wani gurbin, shi ba zai zo ba. Suka tambayi dalili, ya ce akwai aiki a gida. Shi ma bai iya burodin ba, ko ƙwai bai iya soyawa ba, kuma ya san Yaya za ta yi faɗa har muryarta ta dushe. A hanyar dawowa ya tarar da Baba a kan tsani, yana kankare wayar lantarki da sanda, yana gaya wa Gwaggo cewa laifin murfin ne.

Baba bai sani ba, Umma. Yaya ma ba ta sani ba. Bai faɗa wa kowa ba tukuna, sai ke da yake gaya wa yanzu.